Makon da Akwatin Rediyo Ya Ce a Yi Shuka

Jiya da la'asar aka yi ruwan farko na bana a Gombe. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe wanki daga igiya, yaran unguwa suka bazama waje suna ihu, amma kafin in gama jawo kujerata zuwa ƙarƙashin rumfa ruwan ya ɗauke. Ƙamshin ƙasa dai ya tashi, irin wanda ke sa tsoho ya ji kamar ya ɗauki fartanya. Da safen nan na lallaba bayan gida, na durƙusa da ƙyar gwiwoyi suna ƙara, na tura hannu cikin ƙasa. Laimar ba ta wuce gaɓa biyu ta yatsa ba. Ƙarƙashinta ƙasa ce busasshiya, da ɗuminta kamar tokar murhu.

Matata ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, wani abu ne ya faɗi?" Na ce mata babu. Ta san babu ɗin, tsokana ce kawai. Ba ni da gona ko taki ɗaya a yanzu, amma ruwan farko bai taɓa wuce ni ban yi haka ba, shekara wajen hamsin ke nan. Malam Yila ne ya koya mini, ni kuma ban ɗauki karatun ba sai da na yi ɓarna.

Shekaru kaɗan bayan an gama yaƙin basasa aka turo ni wata ƙaramar firamare a bayan gari, ta wajen Kagarawal. Lokacin nan wurin duk gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi. Aji uku gare mu, biyu na ginin ƙasa da rufin kwano, ɗaya na zana. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da sabuwar takardar shaidar malanta, da wando mai faɗin ƙafa, da agogon hannu da nake yawan dubawa ko ba wanda ya tambaye ni lokaci. Saboda takardar nan aka ɗora ni hedimasta a kan mutumin da a shekaru ya isa ya haife ni, ko ma ya yi jika da ni.

Malam Yila Batangale ne, Kirista, gajere mai furfura, da kaushi a tafin hannu kamar ba malamin makaranta ba. Shi ya buɗe makarantar tun tana gindin tsamiya, shi ya bi gida-gida yana roƙon iyaye su ba shi 'ya'yansu. Takardarsa ta tsohon yayi ce, shi ya sa aka kawo ni. Bai nuna mini komai ba. A gaban yara Hedimasta yake ce mini, in mu biyu ne ya ce Malam Bappa, kuma kullum shi ke fara gaishe ni. Ni kuwa na ɗauka hakan daidai ne.

Ni ɗan gidan shanu ne. Ka nuna mini saniya daga nesa in gaya maka ko tana da ciki, amma gero da maiwa in suna ƙanana ban iya raba su ba. Noman da na sani na littafi ne, kuma na ci jarrabawarsa da maki mai kyau, abin da ya fi cutar da ni ke nan.

Makarantar tana da gona a bayanta, da rumbu guda a gefen ajin zana. Wannan rumbun shi ne makarantar, sauran duk ado ne. Malam Yila da yara su noma gero da damina, a cika rumbu da kaka, sannan kowace safiya matarsa Mama Rahila ta dama kunun tsamiya a wata babbar tukunya. Ƙarfe goma a buga ƙarfen taya, yara su yi layi kowa da ƙoƙonsa, ludayi bibbiyu. Babu ofishin da ya tsara wannan, babu littafin da yake ciki. Wata rana na tsaya ina yi wa wata uwa, Inna Dije, dogon bayani a kan amfanin ilimin zamani, don tana da 'ya'ya biyu a wurinmu. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Malam, ni ban san boko ba. Na dai san in sun zo nan cikinsu ba ya kuka sai azahar." Na ji haushi a ranar, amma gaskiya ta faɗa.

Daminar da ta gabaci zuwana ba ta yi kyau ba, rumbun bai cika ko rabi ba. Bazarar da ta biyo baya kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara ƙas-ƙas, alli ya jiƙe da gumi a hannu ya ƙi rubutu. Gombe da ma ba garin ruwa ba ne, to a shekarar rijiyoyi suka ƙafe ƙaf. Mata su sauka kwari tun asuba su yi ta tonon yashi, su zauna jiran ruwa ya tsatso, a kwashe shi da ɗan ƙoƙo, ja kamar an wanke tukunya. Mun sa kowane yaro ya zo da kwalbar ruwa guda don kunu. Wasu su zo da rabi, ka san a hanya suka sha, ba ka da bakin yi musu faɗa. Yara biyu sun taɓa faɗuwa a layin safe, muka daina layin.

Al'adar Malam Yila ce ya ware iri kashi biyu. Yakan zaɓi manyan zangarniya ya ɗaure dami biyu ya rataye can ƙuryar rumbu, ya ce ɗaya na shuka ne, ɗaya na gyaran kuskure. A tsakiyar bazarar nan ya kira ni bakin rumbu, ya nuna mini abin da ya rage na ci. Ya yi lissafinsa da tsinke a ƙasa: in har ana so kunu ya kai yara zuwa fitowar sabon gero, sai an haɗa da dami ɗaya na iri. A ƙarshe ya sauko da damin da hannunsa ya miƙa wa Mama Rahila, ya ce mini da Hausarsa irin ta mutanen kudancinmu, "Malam Bappa, bana shuka ɗaya ne da mu. In ya tafi, ya tafi."

Ana cikin wannan hali motar ofis ta shigo makarantar da akwatin rediyo. Lokacin kuɗin fetur sun fara shigo wa ƙasa, manyan motoci na ta wucewa da siminti da kwano, kowa a gari bakinsa sai maganar ci gaba. Aka ce daga yanzu ɗan ƙauye zai ji irin darasin da ɗan birni yake ji, daga bakin ƙwararru. Aka sauke mana akwatin, babba mai ruwan toka, da kwalin batir, da littafin jagora. Littafin ya raba shekara mako-mako. Kowane darasi da ranarsa da sa'arsa, a gefe kuma da gurbin da malami zai rubuta abin da ya aikata, sufeton makarantu ya sa hannu in ya zo.

Ba zan yi ƙarya ba, na so akwatin nan. Ni na hau darbejiya na ɗaura masa waya. Mama Rahila ta saƙa masa murfi da zaren ulu. Ranar da aka fara kunna shi, da muryar ta ce, "Yara, barkanku da hantsi," ajin gaba ɗaya ya miƙe ya amsa, wasu har da rusunawa. Wata yarinya ta zagaya bayansa tana neman ta inda mutumin ya shiga. Muryar tana da daɗi, ba ta gajiya, ba ta tari, ba ta manta abin da za ta faɗa. Waƙoƙin ƙidaya da yaran suka koya a bakinta har yau in na ci karo da tsofaffin ɗalibaina suna iya rera su. In batir ya yi sanyi mu shanya shi a rana a kan kwano, ya ɗan farfaɗo. Malam Yila ma yakan tsaya a bakin ƙofa ya saurara, hannu a baya. Darasin Laraba shi ne na aikin gona, shi ne kuma nasa fannin, amma ban taɓa ce masa ya shigo ya zauna ba.

Mun yi sharar gona kamar yadda aka saba. Manyan yara da gatari suna sare kututture, ƙanana suna tara karan bara, aka cinna wuta da yamma bayan iska ta kwanta. Ni ma na kawo tawa gudunmawar, na roƙi ƙanen mahaifina ya zo da shanunsa su kwana a gonar mako guda don taki. Da na ga shanun sai da na kau da kai. Haƙarƙari a waje, wasu sai an ɗaga su da sanda suke tashi. Ko kashin kirki ba su bar mana ba, don ba abin da suka ci. Daga nan aka shiga zaman kallon gabas. Kullum da yamma gajimare ya taru, ya yi baƙi, a ji rugugi can nesa, sai iska mai zafi ta zo ta watsa shi.

Ranar wata Talata da la'asar aka yi ruwa. Irin na jiya ne sak, mai yawan hayaniya da ƙarancin aiki. Amma bayan wata bakwai ba ka ga ɗigo ba, ko tofi aka yi maka daga sama sai ka ce an yi ruwa. Mata suka fito da kwanoni, yara suka yi ta birgima a tsakar makaranta, ni kaina na tsaya a ciki har rigata ta jiƙe.

Washegari Laraba na kunna akwatin. Muryar ta ce, "Yara, damina ta sauka. Wannan makon makon shuka ne. Ku ɗauki igiya da sungumi ku bi malaminku gona." Jiya ruwa, yau ga ƙwararru sun faɗa, ga shi kuma a rubuce a littafi, mako na kaza, shukar gero. Me kuma ake jira? Ban tsaya na tuna cewa littafin an buga shi tun kafin a san bana za a yi ruwa ko ba za a yi ba, a wani gari mai nisa da ban san kalar ƙasarsa ba.

Na fito na tarar da Malam Yila a tsakiyar gona a durƙushe. Ya tura hannu a ƙasa nan, ya matsa gaba ya sake turawa, har wuri huɗu. Ya taso ya nuna mini yatsunsa, laka ta tsaya a gaɓa ta biyu.

Ya ce, "Malam Bappa, ƙasa bai sha ba. Wannan wanke fuska ya yi. Sai laima ya kai wuyan hannu ake zuba iri."

Na ce, "Malam, ai ka ji abin da aka faɗa."

"Na ji. Amma gara ma a ce ƙasa a bushe yake ƙaƙas, mu yi binne, iri ya yi barcinsa har ruwa ya zo ya tashe shi. Wannan rabi da rabin shi ne mugu. Zai tashe shi, ya buɗe baki, sannan ya rasa abin sha."

"To in aka sake ruwa gobe ko jibi fa? Mun yi asarar kwanaki a banza."

"In aka sake, mu shuka jibi. Kwana biyu ba ya kashe gero. Mu jira, don Allah."

Yaran sun riga sun fito, sun yi cirko-cirko da igiya a hannu suna kallonmu. Na san sufeto zai zo mako mai zuwa, na san gurbin da ke littafin yana nan fari fat yana jirana. Abin da ya fi waɗannan duka, na ga idon yaran yana kan tsohon, shi suke jira ya yanke. Wannan ne ya ci ni. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Malam Yila, masu ilimin abin ne suka tsara. Ba mu fi su sani ba. A sauko da iri."

Ya dube ni. Sai ya ce, "To, Hedimasta." Ya je ya buɗe rumbu da kansa.

Mama Rahila da wasu mata biyu suka sussuka damin a turmi a hankali don kada ƙwayar ta fashe, aka sheƙe, ya cika ƙwarya biyu da ɗan kai. Muka ja igiya daga wannan bakin gona zuwa wancan kamar yadda akwatin ya ce, taki ɗaya tsakanin rami da rami. Manya suna gaba da sungumi suna sara, ƙanana suna biye suna jefa iri su take da diddige. Malam Yila ya fi kowa aiki a ranar. Na lura yana saran nasa ramukan da zurfi fiye da na kowa, ko me yake fata, oho. Kafin azahar mun gama. Na koma ofis na cika gurbin da kyakkyawan rubutu, har da ja masa layi.

Kwana huɗu gero ya tsiro. Kai, ya yi kyau! Layi-layi miƙe sambal, kore shar a kan jar ƙasa, alhali gonakin maƙwabta duk suna nan tsirara, don manoman unguwar ba wanda ya zuba ko ƙwaya. Masu wucewa su tsaya su kalla. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Allah ya ba da sa'a," na amsa da amin da ƙarfi, ban gane tausayi ne ba.

A ranar da gonar ta fi kyau sufeto ya zo. Ya zagaya da takalminsa mai sheƙi, ya duba littafi, ya duba layukan, ya ce duk makarantun da ya bi babu wadda ta bi tsarin rediyo sau da ƙafa kamar tamu. Ya tambaye ni ko na sami wata matsala. Da na yi shiru da ya wuce. Amma daɗin yabo ya kwashe ni, na yi 'yar dariya na ce, "Babu, ranka ya daɗe, sai dai tsofaffin malamai da ba sa son sabon abu. Da ta Malam Yila ce da har yanzu ba mu shuka ba." Ya ciro alƙalami ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan. Na gaya masa harafi-harafi.

Daga ranar sama ta rufe bakinta. Kwana biyar, kwana goma, kwana goma sha biyar. Da safe tsiron ya ɗan miƙe da raɓa, kafin hantsi ya nannaɗe kamar an murza shi. Muka gwada ban ruwa da kwalaben yara, Mama Rahila ta ce mu zaɓa, ko kunu ko gona, ruwan ba zai yi duka biyu ba. Aka fita roƙon ruwa a bayan gari, manya da yara, riguna a juye. Su Malam Yila ma suka yi kwana uku suna taruwa a cocinsu da azumi. Ranar Laraba na kunna akwatin, muryar ta ce cikin fara'a, "Yara, yanzu geronku ya kai tsawon tafin hannu, ciyawa ta fara damunsa. Wannan makon makon noman firi ne." Yaran suka juya gaba ɗaya suka kalli taga. Ba ciyawa, ba gero. Layukan dai suna nan, sun koma ruwan ƙasa, in ka taɓa su su marmashe. Na miƙa hannu na rage muryar, amma ban kashe ba, don akwai gurbin da zan cika.

Sai da aka kusa wata guda sannan ruwan gaske ya zo, tun hantsi har la'asar, kwari ya cika ya yi ta ruri. Da gari ya waye unguwar duk ta fita gona, ko'ina ka duba mutane ne a sunkuye. Na ga Malam Yila ya je tsakiyar gonarmu ya tura hannu, ya shige har wuyan hannu. Ya daɗe a durƙushe a wurin. Ba mu da abin zubawa.

Mun nemi iri. Na shiga Kasuwar Gombe rumfa-rumfa, geron da na samu na ci ne, tsoho, duk ƙwari sun huda shi. Manoma kuwa wanda yake da ɗan iri ya riga ya zuba, wanda ba shi da shi ya riga ya cinye. Malam Yila ya taka da ƙafa har Kwadon wurin wani abokinsa, ya dawo bayan kwana biyu ƙafa a kumbure, da 'yar dawa ƙulle a bakin mayafi. Muka shuka ta a kusurwa ɗaya. Ruwan shekarar ya ɗauke da wuri, ta tsaya iya ƙugu, ba ta fitar da kai ba. Maƙwabtan da suka jira ba su cika rumbu ba su ma, amma geronsu ya nuna, sun sami na 'yan watanni.

Lissafin tsinken Malam Yila bai yi kuskure ko na kwana ɗaya ba. Geron ci ya ƙare daidai makon da ya kamata a ce mun fara yankan sabo. Kafin nan Mama Rahila ta yi ta tsinka kunun, ludayi biyu ya koma ɗaya, ɗayan ma kana ganin gindin ƙoƙo ta cikinsa. A gidaje ana cin tafasa da rama ba ƙuli, wasu har dusa. Ran da abin ya ƙare ta wanke tukunyar ta kife ta a bakin rumbu. Ƙarfe goma ya yi, yaron da ke buga ƙarfe ya dube ni, na ce ya buga. Suka fito da ƙoƙunansu suka yi layi don sabo. Ni ne hedimasta, ni ya kamata in yi musu magana, amma na shige ofis na rufo ƙofa. Ta taga na ji Malam Yila yana ce musu su yi haƙuri, su je su sha iska su dawo.

Ba su daina zuwa rana ɗaya ba. Yau a rasa uku, jibi a rasa biyar. Wasu an tura su kasuwa ɗaukar kaya, wasu tallan ruwa, wasu iyayensu sun kwashe su sun yi kudu neman abinci. Bayan hutu na buɗe rajista ina kiran suna, ajin da yake cika har bakin ƙofa bai cika benci uku ba. Na je gidan Inna Dije da kaina. 'Yarta Asabe ita ce ta fi kowa a makarantar, yarinyar da ke gama lissafi kafin in gama rubuta shi a allo. Na tarar da yarinyar tana tsince tafasa. Na fara bayanina, uwar ta tare ni, ba faɗa ba zagi, ta ce, "Malam, akwatin naku yana dama kunu?" Na yi sallama na fito. Asabe ba ta sake taka makaranta ba. Na gan ta shekarun baya a kasuwa tana sayar da daddawa, da jikoki, ta gaishe ni da ladabi har ta ƙara mini gyara.

Ƙarshen shekara takardu biyu suka zo a ambulan ɗaya. Tawa ta ƙarin girma ce, an mayar da ni babbar makaranta a cikin gari saboda ƙwazo wajen aiwatar da sabon tsari. Ta Malam Yila ta canjin wurin aiki ce, zuwa wani ƙauye can bayan duwatsu inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Ba a rubuta dalili ba, ni na san dalilin.

Na raka su tasha. An ɗora kayansu a bayan babbar mota, gadon ƙarfe da akwatin kwano da tukunyar kunun nan. Mama Rahila ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba. Na ja Malam Yila gefe, ina so in ce ya yafe mini, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, rediyon nan ya cuce mu."

Ya girgiza kai ya ce, "A'a, Malam Bappa. Kada ka ɗora wa akwati. Shi bai taɓa ganin gonanmu ba. Kai ka gani."

Ya kama hannuna ya riƙe, ya ce Allah ya ba ni sa'a a sabon wuri, ya hau mota. Ban sake ganinsa ba. Labarin rasuwarsa ma sai da ya kwana biyu na ji.

Akwatin kuwa, batirin da aka kawo da shi ya ƙare, ba a sake aiko da wani ba. Wanda ya gaje ni ya rasa inda zai ajiye shi ɓarayi ba su ɗauka ba, sai ya sa shi a rumbu, tun da ba komai a ciki. Ba a sake noma gonar ba. Yau in ka je wurin shaguna ne da gidan mai. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan nan, na ga sabon tsari ya fi a ƙirga, kowanne da motarsa da littafinsa da gurbin cikawa, kuma ban ƙi cika ko ɗaya ba.

Ina nan durƙushe a bayan gida da safen nan sai ga Hajara, 'yata ta uku, ta biyo ta gaishe mu kafin ta wuce aiki. Ita ce ta gaje ni, tana koyar da 'yan aji biyu. An raba musu kwamfutar hannu, darasin kowace rana yana ciki, har da abin da malami zai faɗa da mintin da zai faɗe shi. Ta zauna a bakin baranda tana goge gilashin da gefen hijabinta, fuska ba walwala.

Na ce, "Lafiya, Hajara?"

Ta ce, "Baba, wallahi abin ne ya ishe ni. Yarana fiye da rabi ba su iya haɗa baƙi biyu ba. Wasu ma ko karyawa ba sa yi suke zuwa. Ga shi yau mun shiga mako na tara, wai karanta gajeren labari."

Na ce, "To ki tsaya mana. Ki koma baya da su har su iya. Mako biyu ba ya kashe yaro."

Ta yi 'yar dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi. "Baba ke nan. In ban danna na wuce ba, a ofis za a gani, kafin azahar an kira ni. Kuma fa masu ilimin abin ne suka tsara. Ba mu fi su sani ba."

Na buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshena, yadda aka faɗa mini ita a tasha, kalma-kalma. Amma na tuna wanda ya faɗe ta da inda ya ƙare, na tuna kuma Hajara tana da yara huɗu da miji ba aiki. Ta duba agogon wayarta ta miƙe, ta ce za ta makara.

Na ce, "Allah ya ba da sa'a."

Ta amsa da amin da ƙarfi, ta fita. Na bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan na nemi buta na wanke lakar da ke yatsuna.